Ganyen Inna a Bakin Gyalena

Ba zan taɓa mantawa da daminar da Inna ta kwanta ciwon gwiwa a gidan yayana a Malali ba. Maganin asibiti ya gaza, sai ta ce in nemo mata wani ganye mai ƙaiƙayi da ke fitowa a wuri mai danshi. A ƙauyensu can Katsina, in ji ta, dafa shi ake yi a gasa gwiwa da shi, da ya ji wuta ƙaiƙayin ya mutu.

Ina hanyar bikin wata abokiyar aikina a Kawo na hango shi a bayan wani kango. Na sa leda a hannu na tsinko, ledar ta yage, sai ni sarkin dabara na ƙulle shi a bakin gyalena (sabo ne, shara-shara kamar rariya) na yafa a kafaɗa.

A gidan biki aka kai ni gaban Hajiya, mahaifiyar saurayin da ke nemana, ranar ta fara ganina. Ina durƙushe ina gaishe ta wuyana ya ɗauki wuta. Na daure. Na sosa da yatsa ɗaya, na koma biyar. Kafin ta gama tambayar mutanen gida na yi jifa da gyale, ɗankwali ya bi shi, ina susa hannu bibbiyu.

"Subhanallahi! Yarinyar nan iska gare ta?" in ji Hajiya. Nan take mata suka danne ni suna tofa mini addu'a.

Na koma gida ina kuka, wuya ya yi ruɗu-ruɗu. Inna ta jawo ni tana shafa mini manja. Da na ba ta labari sai ta tuntsire da dariya har da hawaye. "Uwata, a gaban surukar?" Rabonta da dariya tun rasuwar Baba.

Washegari na koma da bokiti na ɗebo ganyen. Ya ɗan sassauta mata, amma ashe ciwon ya wuce gwiwa. Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Saurayin ma bai sake tako ƙofarmu ba.

Na dai koyi cewa ba kowane abu ake ƙullewa a gyale ba. Amma wallahi da za a dawo mini da Inna ta sake wannan dariyar, da na sake yin susar a tsakiyar tashar Kawo.