Wa Ke Fasa Mini Bokitai?

"…lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya iyalin? To shigo mana, ko sai an cire ƙyauren kafin cikinka ya wuce?"

"Ke ko gaisuwarki da ƙaya take zuwa. Matsa in gaida Gwaggo tukuna, ita ce mutum a gidan nan."

Tulu ke nan, ɗan kawuna, abokin wasana tun muna yara. Direban motar makaranta ne. Ni na raɗa masa sunan, kuma duk wanda ya ga cikinsa ba ya neman ƙarin bayani. Shi kuma Tsawa yake kirana, wai tun daga bakin titi ake sanin ina gida. Ƙarya yake yi. Ni dai ba na iya ganin ɓarna in yi shiru.

Ga abin da ya sa na kira shi. Da ƙyar muka lallaɓa Inna, mahaifiyata, ta bar tsohon gidan da take zaune ita kaɗai ta dawo wurina. Ana zaune lafiya, rannan sai na tarar ta ɗaure kayanta, wai ƙarshen mako za ta koma. Na tambaye ta wa ya ɓata mata rai, ta ce ba kowa. Na matsa, sai ta ce, "Banɗakinki ne bai karɓe ni ba." Daga nan ta juya tana gyara ƙullin kayanta.

Na shiga na duba banɗakin da idon baƙo. Tayil ya ɓamɓare, bango ya yi baƙi, famfon ciki kuwa ya daɗe da daina kawo ruwa sai ɗiga, daga na tsakar gida muke ɗiba. Na ce in dai wannan ne, da sauƙi. Magina suka ce sai wani satin, ga kayan Inna a ɗaure a bakin gado. Sai na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, na sayo tayil da siminti da yashi, na ɗaura ɗamara. Tulu kuwa na kira shi ne don ɗauko da miƙo kawai.

Da ya gama gaida Inna, ya leƙo banɗakin ya riƙe ƙugu.

"To, Injiniya Tsawa, ina ma'aikatan?"

"Ga ka nan."

"Ni kaɗai?"

"In aka ɗora ka a sikeli ai mutum uku ne."

"Wannan layin tayil da kika jera fa, sawun maciji kika bi?"

"Bangon ne a karkace."

"Bangon da yake tsaye tun kafin ki yi aure, sai da ya gan ki ya karkace?"

"Tsorona ya ji. Kai ma da kana da hankali da ka ji. Kwaɓa mini siminti."

"Ki yi mini magana da ladabi. Ni da kike gani na taɓa gina banɗaki hawa biyu."

"A ina?"

"A mafarki. Amma har yanzu masu gidan suna aiko mini da gaisuwa."

"Da ka tsaya a can, ka ga da mun huta. Ruwan ya yi yawa! Siminti na ce ka kwaɓa, ba shayi ba."

Ya juya zai ɗebo yashi, sai ya yi tuntuɓe da bokitan da na jera a bayan ƙofa.

"Waɗannan fa? Shago za ki buɗe?"

"Kar ka taɓo mini inda ke mini ciwo. Bokiti uku, Tulu! Sababbi fil, duk sun fashe. Da na biyu ya fashe na koma wurin mai sayarwa na wanke shi tas a gaban mutane. Ya ba ni wani mai kauri, shi ma ya fashe. Na tsaya a tsakar gidan nan na rantse duk ranar da na kama mai fasa mini bokiti, sai ya gwammace bai zo duniya ba."

"Kin kama shi?"

"Da na kama shi ai da ka ji a rediyo."

Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku.

"Ikon Allah. Duk a gindi suka fashe, kuma fasawa iri ɗaya, kamar tauraro. Na gano mai laifin."

"Wa?"

"Muryarki. Kin leƙa ciki kin yi magana, gindin ya fice."

"Allah ya shirye ka."

"In ba haka ba, ɓerayen gidanki takalmi mai tsini suke sawa."

"Ɓerayen gidana sun ƙaura gidanka tun da suka ji labarin yadda kake zubar da abinci a gaban riga. Ajiye mini kayana ka zo ka jera layin ƙasa, bayana ya gaji."

"Layin ƙasa? Ai sai an tsuguna."

"To tsuguna mana."

"Rabona da tsuguno tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Ni da gwiwoyina mun yi yarjejeniya, ba na wahalar da su, ba sa kunyata ni."

Kafin in buɗe baki ya jawo bokitina na huɗu, shuɗi, wanda shi kaɗai ya rage mini mai lafiya. Ya kife shi, ya juya masa baya, ya saki jiki.

Ƙaras!

Sai ga Tulu ya nutse, ƙafafu a sama, cokalin siminti a hannu, yana kiran in taimake shi. Na cika ƙirjina da iska zan sauke masa abin da unguwa za ta ji. Na finciko shi, na fizge bokitin don in nuna masa ɓarnar da ya yi. A nan idona ya faɗa kan fasawar.

"Tulu."

"Zan saya miki wani. Kar ki kira mini jama'a."

"Rufe baki ka miƙo mini ɗaya daga cikin waɗancan."

Na jera su gefe da gefe. Tauraron nan dai, a wuri ɗaya, kuma duk robar ciki ta lotsa, ba waje ba.

"Ka gani? Da nauyin ruwa ne ya fasa su, ai waje za su ɓullo."

Ya sosa ƙeya. "Ke nan akwai mai zama a kan bokiti a gidan nan."

"Ashe ba mai sayarwa ba ne."

"Bawan Allah. Ya sha zagi a banza. To wa ke zaman? Maigidanki?"

"Shi da wankansa kamar na tsuntsu, shiga da fita? Kuma yana wurin aiki a wani gari lokacin da na biyu ya fashe."

"Yaran?"

"Suna makarantar kwana."

"To ke ce. Kina zama cikin barci, ki farka ki hau neman mai laifi."

"Ni in zauna a kan abin da na saya da gumina? Ko a mafarki sai na mari kaina."

"To saura aljanu. Kuma aljanin da zai iya zama gida ɗaya da ke, ai ya cancanci kujera."

Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Inna da bokiti biyu take shiga wanka. Ɗaya nakan cika mata in kai mata har ciki. Ɗayan kuwa da kanta take ɗauka, ba komai a cikinsa. In na ce ta kawo in cika, sai ta ce in bari, za ta tara a famfon ciki. Har ƙorafi nake yi a zuciyata, tsohuwa guda da ruwan mutum biyu.

Na faɗa wa Tulu. Ya kalli famfon. Ɗigo ɗaya ya taru a bakinsa, ya yi ta shawara, sannan ya faɗo.

"Wannan famfon?" in ji shi. "Ai kafin ya cika bokiti an yaye jariri."

"Amma Inna ba ta da nauyi. Iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta."

"Ni ma ai ba zama na yi ba, Tsawa. Na zo rabin hanya gwiwa ta sake ni, sai na faɗa. Mai ciwon gwiwa faɗawa yake yi."

Sai na tuna banɗakin tsohon gidanmu. Akwai wani dakali a lungu, tun ina yarinya a kansa muke ajiye soso da sabulu. Ban taɓa tambayar kaina me Inna take yi da shi yanzu ba. Nan kuwa ba abin zama, ba abin dafawa, daga kai sai bango mai santsi. Kujera kuma in ta ɗauka ta shiga da ita, kowa zai gani. Bokiti ne kaɗai ake shiga da shi ba a tambayi mutum ba.

"Ga ki kuma a tsakar gida," in ji Tulu, "kina rantsuwa sai mai fasa bokiti ya gwammace bai zo duniya ba."

"Tulu, in ka ƙara kalma ɗaya zan jera ka a bangon nan in shafe da siminti."

"Ban ce komai ba. Hancinki ne ya yi ja."

"Ƙurar siminti ce. Matsa mini, zan je in tambaye ta."

Ya tare ƙofar, kuma in Tulu ya tare ƙofa ta taru.

"Ki tambaye ta me? 'Inna, ashe kin tsufa?' Matar da ta ƙi sanda, ta ce ta tsofaffi ce? Wallahi ba za ta jira ƙarshen mako ba, yau za ki ga ƙurarta, kuma ni za ta sa in kai ta."

"To in yi shiru? Ni?"

"Na san bai taɓa faruwa ba, amma gwada ki gani, ba ya kisa. Ba na ga bulo a bayan gida ba?"

"Ragowar na katanga ne."

"Mu yi dakali a lungun nan."

"In ta tambaya na mene ne fa?"

"Na ɗora bokiti. Kin gaji da asara, kin gina wa bokitanki wurin zama. Duk wanda ya san ki zai yarda."

Muka kwaso bulo. Wato ni na kwaso, shi yana ba da umarni yana haki. Muka jera su a lungu ba siminti, don mu ga tsayin, muka auna da bokitin da ya fasa.

"Ya karkace," in ji shi.

"Idonka ne a karkace."

"Ɗora tayil ɗaya a kai mu gani. A'a, ba mai ƙyallin ba, mai kaushin. Kina so bokitin ya zame?"

"Yau kuma kai ne mai tausayin bokiti? Ga gawar ɗan'uwansa nan ko sanyi ba ta yi ba."

Muna cikin haka sai muka ji takun silifa. Inna ce, tana tafe tana dafa bango, kamar mai duba ko fentin ya bushe. Sau nawa na ga tana wannan tafiyar ban lura ba?

"Ƙarar me na ji ɗazu?"

"Ɗan ƙaninki ne ya zauna a kan bokitina, Inna."

Ta dubi bokitan nan huɗu a jere. Ta dube ni. Ni kuwa na dage ina kallon siminti kamar yau na fara ganinsa.

"Wannan kuma mene ne?" Ta nuna bulon da haɓa.

"Wurin ɗora bokiti ne, Gwaggo. Tsawa ta gaji da asara."

"Uhm. Aikinka ne?"

"Ni na zana, ita ta yi dako."

"To ban yarda da shi ba. Matsa in gwada, kar ya rushe da bokitin mutane."

Ta juya a hankali, ta dafa bango, ta sauka. Rabin hanya na ga gwiwar ta sake ta, ta faɗa daɓas. Hannuna ya miƙa da kansa, Tulu ya taka mini ƙafa. Inna ta zauna ta gyara zane, ta dubi famfo, ta dubi inda sabulu yake, ta miƙa hannu ta ga ya kai. Da za ta tashi sai da ta yunƙura sau biyu.

"Ya yi ƙasa," in ji ta. "Ku ƙara masa kamar tafin hannu. Kuma ku kafa ƙarfe a bangon nan, ta wannan gefen."

"Na rataya tawul, Gwaggo?"

"Na rataya tawul. Amma ku kafa shi da ƙarfi. Bokitin, gwiwarsa ta hagu ce ta fi damunsa."

Ta kama hanya. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ke kuma in kin wanke hannu, zo ki kwance mini ƙullin nan. Na ɗaure shi da yawa, ga zanen wankana a can ƙasa."

Sai da takunta ya yi nisa Tulu ya buɗe baki.

"Yanzu ma ƙurar siminti ce?"

"Ita ce."

"To ladan injiniya fa? Ni na gano mai laifi, ni na zana dakali, ni na ji ciwo a bakin aiki."

Na tattara bokitan nan huɗu na cusa su cikin juna, na danƙa masa a ƙirji.

"Ungo, duka naka ne. Shuɗin ka rataye shi a falo, jikokinka su san ka taɓa yin abin kirki."

"Ke nan kin yarda na fi ki?"

"Kai? Har abada. Amma na yarda yau mazaunanka sun fi kaina basira."

Ya tuntsire da dariya har ya nemi wurin zama. Na ga ya fara kife bokiti, na ce masa ya zauna a ƙasa.