Tsohuwar da ke goge kumbo

"Lafiya lau na tashi, sai yanzu da na gan ka."

"Haka ake tarbar maigida? Ko ruwa babu?"

"Famfo na nan inda ka bar shi yana ɗiga."

Jikana ne, ɗan babban ɗana. Aikinsa haɗa wayoyin wuta, ga shi siriri da ƙaton kai, shi ya sa nake kiransa Sukundireba. Rimot na aike shi ya sayo min, don tsohon ya faɗa cikin bokiti, sai ga shi da leda biyu. Wata biyu da suka wuce na zame a bayi, na yi awa uku a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji ni. Tun daga nan ubansa yake son a sa min kyamara a ɗaki, ya riƙa duba ni ta waya daga ofis. Sau biyu ina cewa a'a. Da na hango kwalin kyamarar a leda ta biyu, na san wannan karon jikan aka turo.

"Wancan kwalin fa?"

"Kyauta ce ta amarya. Amma tsaya, na zo miki da fim tukuna."

"Wato sai ka sa ni dariya kafin ka yanka ni."

"Wa zai yanka ki? Wuƙar ce za ta karye."

Ya soka wani ɗan abu a bayan talabijin, ya danna sabon rimot. Fim ɗin kumbo ne, irin na mutanen da duniya ta ƙare musu suka kwashi kansu suka yi sama. Ban gane farkon ba. Na ce ya tura gaba, ya yi ta turawa har aka nuno wani dogon lungu mai jan fitila a saman ƙofa, ga wani mai bindiga a tsaye.

"Tsaya nan. Na san shi."

"Ke? A ina? Lokacin da aka yi shi ai kin riga kin tsufa."

"Lokacin da aka yi shi ubanka yana fitsarin kwance. Shekara ashirin da biyu ina sayar da tikiti a silima. Sai an yi rabin awa da farawa nake rufe taga, in je in tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin farkon fim ba."

"Shi ya sa duk labarin da za ki ba mutum daga tsakiya kike farawa."

"Kai kuwa duk aikin da ka fara a tsakiya kake barinsa."

Ya gyara zama, ya ɗauko murya irin ta malamai.

"To bari in ƙara miki ilimi. Kin ga kumbon nan? Fulas ɗin shayi ne aka manna wa ƙarafan laima. Ƙarar injin kuma firijin uwar darakta ne."

"Allah ya ji ƙan firijin. Ya fi ka amfani."

"Jan idon nan na saman ƙofa fitilar babur ce. A fim ɗin shi ke kula da kowa. Ko tari mutum ya yi, ya gani. Mutum dubu biyar a cikin kumbo, babu wanda ya ɓata. Kin ga amfanin na'ura."

"Na gani. Tura mu bene na sama."

Ya tura. Sama akwai lambu, da manyan tagogi, da mutane cikin fararen kaya suna shan abu a kofin gilashi.

"Nuna min idon."

Ya duba, ya mayar baya, ya sake dubawa.

"Wataƙila yana bayan bishiya."

"Wataƙila yana aljihunka. Babu shi. A ƙasa kawai aka sa, wajen masu walda da masu wanki. Kai ka haddace fulas da firiji, ba ka lura da wanda ake kallo da wanda ke kallo ba."

"Fim ɗin taurari ne, tsohuwa, ba na siyasa ba."

"Wane tauraro ka gani tun ɗazu? Masu masana'anta daraktan yake zagi, ya san in ya fito fili za a hana fim ɗin, shi ne ya ɗora su a kan fulas ya harba sama. A silimarmu 'yan benci na ƙasa dariya suke har da buga ƙafa, 'yan kujerun sama kuwa shiru, sai gyaran murya. Daga bakin ƙofa duka biyun nake gani."

"Ashe farfesa na aura ban sani ba."

"Da ka sani da ka yi wanka kafin ka zo. Koma lungun nan. Bar kallon mai bindigar, dubi bayansa."

A can ƙurya akwai wata tsohuwa da bokiti da tsumma a kan sanda, tana goge ƙasa. Wanda bai ga farkon fim ba bai san wane ne jarumi ba, don haka kowa yake kallo. Ni tun ran farko ita na gani.

"Wannan ma na san labarinta," in ji shi, har da murna. "Ba 'yar fim ba ce. Mai sharar wurin ɗaukar fim ɗin ce, ta shigo bisa kuskure, darakta ya bar ta."

"Ya bar ta don ya san abin da yake yi. Sun ƙera ƙarfe mai magana, sun ƙera ƙofa mai buɗe kanta, amma goge ƙasa sai tsohuwa. Sake shi ya tafi."

Kumbon ya yi girgiza. Mai bindiga ya ruga. A bayansa tsohuwar ta zame, bokitin ya kife. Jan idon ya juyo ya tsaya a kanta, yana ƙyaftawa.

"Ya gan ta?" na tambaye shi.

"Ya gani."

"Sai ya yi me?"

Ya matsa kusa da talabijin. Idon ya ci gaba da ƙyaftawa. Can sai wani mutum ya shigo ta gefen hoto, rabin jikinsa kawai ake gani, ya kama ta ya ɗaga.

"Shi wannan wane ne, tunda ka san firijin uwar kowa?"

Ya ciro waya ya yi ta latsawa. Na ga ya tsaya yana karanta wani abu shi kaɗai.

"Karanta mana. Ko makarantar ma a tsakiya ka bar ta?"

"Wai faɗuwar gaske ta yi. Shi kuma ba ya cikin fim ɗin. Mai haɗa musu wayoyin fitilu ne, ya sauko daga kan tsani."

"Mai sana'arka."

"Mai sana'ata."

Ya kalli kwalin, ya kalle ni, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafe ƙaton kan.

"Ni na zaɓo fim ɗin nan da hannuna. Kwana biyu ina nema."

"Ka iya zaɓe. Matarka ma ai ni ka zaɓa."

"To me zan ce wa Baba? Tsoro yake ji, wallahi. Ranar da kika faɗi ko abinci bai ci ba."

"Na sani, ni na haife shi. Ka ce masa a cire tayil mai santsin nan, a kafa min ƙarfen riƙewa a bango. Kyamarar ya sa a ƙofar ofishinsa. In yana son ya san ko na faɗi, motarsa ta san hanya. Kai ma kana da ƙafa, ko da yake kamar tsinke suke."

"Ƙarfen ni zan kafa. Ran Asabar."

"Da famfon."

"Da famfon, uwar mita."

Ya mayar da kwalin cikin leda, ya ƙulle bakinta, ya ajiye a bakin ƙofa kusa da takalmansa. Ya ce fim ɗin ya bar min, tunda na fi shi saninsa. Na jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujera, wanda yake tsammanin ban san yana sata ba tun yana ɗan shekara shida, na tura masa.

"Zauna. Mayar da shi farko. Shekara arba'in ke nan ban san yadda aka yi suka hau abin nan ba."

Ya cika bakinsa da biskit, ya danna rimot.