Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Aka Killace wa Ƙwaƙwalwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin waya, mai gyaran kwamfutar nan da abokan aiki ke kira Farfesa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Dattijuwa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a kan teburinta na ƙuryar falo, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara goma sha huɗu.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da hayaniya. In an danna mata maɓalli sai ta ce "ƙiit" sau ɗaya, ta yi ɗan gurnani "grrr", sannan ta buɗe ido. A kanta Farfesa ya shafe shekara tara yana rubuta tasa uwar manhaja, wato kanel, wadda ke fara farkawa in an kunna na'ura, ta leƙa ƙwaƙwalwa ta ga inda ke da wuri, ta raba wa kowane aiki mazauni. Kanel ɗin nan bai taɓa yarda ya tashi a kan wata kwamfuta ba sai ita. Ranar Litinin mai zuwa ce Farfesa ya yi alkawarin zai nuna shi a gaban abokan aiki, waɗanda suka daɗe suna yi masa dariyar ƙeta a bayan ido.

Ko lafiyayyar kwamfuta ƙwaƙwalwarta ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Akwai gurabe da maƙera suka keɓe, akwai giɓi nan da can, dole kanel ya riƙe taswira don kada ya ajiye kaya inda babu ƙasa. Farfesa ya san wannan kamar yunwar cikinsa, kuma sanin ne ya ja masa. Shekara shida da suka wuce Dattijuwa ta fara sandarewa ana tsakiyar aiki. Bai yi wata-wata ba ya yanke hukunci cewa wani yanki na ƙwaƙwalwarta ya ruɓe, ya buɗe taswira ya killace wurin. Da ta sake sandarewa ya killace wani. Haka ya yi ta yanke mata ita gunduwa-gunduwa, har baiwar Allah ta koma tana rayuwa a kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka halicce ta da shi, kamar mai gida guda da aka tura ɗakin girki. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai gurnanin nan nata da ya ɗauke, Farfesa kuwa ya ɗauki shirun alamar samun sauƙi.

Maiɗakinsa, wadda ta yi shekaru tana shanya safar yara a bayan marigayiyar saboda saurin bushewa, ta sha gaya masa cewa abar nan zafi take yi fiye da kima. Ya amsa mata, cikin tausayin jahilcinta, cewa matsalar ta yi zurfin da mai shanya safa ba zai hango ba.

Ranar Asabar ya killace yanki na ƙarshe don a shiga Litinin da shiri. Da ya kunna, kanel ya farka ya duba gabas da yamma bai ga inda zai ɗora ƙafa ba. Dattijuwa ta ce "ƙiit, ƙiit, ƙiit", abin da ba ta taɓa yi ba, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, shi ke nan. Farfesa ya zauna a ƙasa ya yi kuka da hawaye, don da gaske yake sonta.

Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ne ya buɗe gawar, karo na farko da aka kwance murfin cikin shekara shida. An gwada ƙwaƙwalwar a wata na'ura, aka same ta garau, ko ƙwarzane babu. A cikin fankar da ke sanyaya ta kuwa, mai gurnanin nan, aka tarar da murfin biro ya maƙale, irin jan biron da Farfesa ke zana taswira da shi.

Ta rasu ta bar allo ɗaya mai tabo a kusurwa, da kibod na buga rubutu da harafi uku suka goge, da linzami gurgu, da kanel maraya wanda bai san kowa ba sai ita, da taswira mai shafi arba'in ta cutar da ba ta taɓa yi ba.

Za a ɗauki gawar gobe da ƙarfe goma, in mai sayen tsoffin ƙarafa ya iso da kurarsa. Zaman makoki a falo ne, gefen teburin, wanda maiɗakin ta riga ta ɗora keken ɗinkinta a kai. Taron Litinin an ɗage shi har sai abin da hali ya yi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taƙaita, kada kowa ya ambaci fanka, kuma duk wanda maiɗakin ta ja gefe ta nuna masa murfin biro, ya yi kamar bai gani ba.