Darasin Motsa Jiki Daga Kan Angarib

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Talata ba, a shekarar da annobar korona ta rufe makarantu. Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren maza a Omdurman, kuma ni ke horar da 'yan ƙwallon makarantar. Aikina duk na fili ne, da usur a baki. Sai ga shi an garƙame ƙofar makaranta, an ce kowa ya zauna gida.

Bayan 'yan makonni mudir, wato shugaban makarantarmu, ya kira ni ya ce kowane malami zai ci gaba da darasinsa ta waya. Na ce, "Ya mudir, ni ƙwallo nake koyarwa. Ta ina zan bugo musu ita?"

Ya ce, "Ka sa su motsa jiki, ustaz. Kada su dawo mana kamar buhunan dawa."

Makon farko tsakani da Allah na yi. In jingina wayar da randa a tsakar gida, in yi ta tsalle ina ƙirge, kajin Innata suna watsewa. Yaran ba duka ke shigowa ba. Wani wayar babansa ce, wani an ɗauke wuta a unguwarsu. Ga hoton sai ya riƙa daskarewa, ka ga yaro ya maƙale a sama da ƙafa ɗaya. Don haka na ce kowa ya kashe kamara, murya ta wadatar.

Daga nan na lalace. Wata rana gwiwata ta ɗan matsa mini, na zauna a kujera na yi ƙirgen, ba wanda ya gane. Washegari gwiwar ta warke, amma kujerar ba ta sake ni ba. Kafin wata ya zagayo na koma kan angarib, gadon igiyar nan da ke ƙarƙashin rumfarmu, da kofin shayi da farantin zalabiya, wani irin fanke da muke shan shayi da shi. Na ƙware wajen hakin ƙarya (in za a ba da shaida a kan wannan fanni, na ci ta). Ina kwance nake cewa, "Goma sha ɗaya, goma sha biyu, ku ɗaga gwiwa, ni da na girme ku ban gaji ba."

Mutum ɗaya ne ke ɓata mini rai a lokacin, Idris, mai tsaron ragarmu, ɗan ajin ƙarshe. Ban taɓa horar da yaro mai hannu irin nasa ba, amma sai ya yi sati bai shigo darasi ba, in ma ya shigo to a makare. Ni ne kuma zan miƙa sunayen waɗanda za su buga gasar makarantu idan an buɗe, kuma na san ya ɗora rai a kanta, don a can ne masu neman 'yan wasa ke ganin yara. Na riga na ƙudurta zan cire sunansa.

Ranar Litinin mudir ya sanar da ni cewa gobe shi da wani mai duba malamai daga ofishin ilimi za su shigo darasina, kowa kuma ya kunna kamara.

Da safiyar Talatar na sa kayan wasanni, waɗanda suka ɗan matse ni a ciki. Na yi minti biyar ina tsalle na gaskiya, sai hakin gaskiya ya zo, irin wanda ke haɗawa da ganin taurari. Na ce, "Hoton na yankewa, bari in kashe tawa kamarar, ku ci gaba da bin muryata." Na danna abin da na ɗauka shi ne makashin, na jingina wayar da butar shayi, na miƙe a kan angarib, na jawo faranti.

Ana cikin haka na ji ɗan ƙarar da ke nuna wani ya shigo, wani yaro ya ce Idris ne. Na ga dama ta samu ta nuna wa baƙo cewa ni malami ne mai tsare gida. Cikin Larabci, kamar yadda muke darasi, na ce, "Idris, sai yanzu ka ga dama? Lalaci ba ya kai mutum ko'ina. Ɗan wasa yana yi ne ko ana ganinsa ko ba a gani. Dube ni, tun asuba nake kan ƙafafuna. Daga yau babu sunanka a gasa."

Na faɗi haka ƙafata ɗaya a kan ɗaya, da rabin zalabiya a hannu. Aka yi tsit, ni kuwa na ɗauka kwarjinina ne.

Innata ce ta zo wucewa da tsintsiya. Ta tsaya, ta ƙura wa wayar ido, ta ce da Hausa, "Wai waɗannan ƙananan fuskokin, kai suke kallo kana ci?"

Na ɗago. Ga ni a tsakiyar wayar, ni da tumbina da farantina. Ga yara jere sun daina tsalle, wasu sun toshe baki. Ga mudir ya dafe goshi, mai duba malamai kuwa yana rubutu. (Daga baya na gane yadda aka yi: yaran sun yi shiru don mudir, mudir ya yi shiru don baƙo, baƙon kuma yana son ganin iya inda zan kai.)

Inna ba ta gama da ni ba. Ta sunkuya daf da wayar ta ce, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, haka yake yi kullum."

Na yi fatan babu mai jin Hausa a cikinsu. Sai wata murya ta ce, "Ina kwana, Hajja." Idris ne. Shekara uku yana hannuna ban san Bahaushe ne ba, shi ma bai san ni Bahaushe ne ba. A lokacin ne kuma na dubi hotonsa da kyau. Ba a gida yake ba. A bayansa akwai babbar mota da tarin buhunan albasa, kafaɗarsa kuma da tsumma a naɗe.

Da rana mudir ya kira. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ustaz, zalabiyar ta yi daɗi?" Sannan ya gaya mini akwai takardar gargaɗi da zan sa wa hannu. Na karɓa ba musu. Abin da ya hana ni sakat hoton nan ne na buhuna.

Washegari na sa takunkumi na nemi Idris a kasuwar Suk al-Shabi, kafin lokacin da ake tashin kasuwa. Na same shi yana sauke kaya. Babansa direban bas ne, kuma tun da aka hana zirga-zirga motar take ajiye. Shi ke ɗaukar buhu tun asuba don a ɗora tukunya a gidansu. Wayar da yake shigowa darasi da ita ma ta mai albasar ce, sai in kasuwa ta lafa ake ba shi aro.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya goge zufa ya ce, "Ba ka tambaya ba, ustaz."

Na ba shi haƙuri da Hausa, don na ga haƙurin ya fi fitowa daga ciki. Na ce sunansa na nan. Ya yi murmushi, ya ce in gaida Hajja, ya koma bakin aikinsa. Na ɗan tsaya ina kallon yadda yake cafe buhu daga saman mota, na san a duk makarantar ba wanda ya kai shi motsa jiki a watannin nan.

Gasar ba a yi ta ba a shekarar. Idris ya gama makaranta bai buga ba, kuma wannan ba laifina ba ne, amma har yau nakan tuna cewa da an yi ta, saura ƙiris in hana shi ina kwance.

Yaran sun laƙaba mini Ustaz Angarib, sunan kuma ya bi ni har ɗakin malamai. Abin da na koya guda biyu ne. Kafin in kira yaro malalaci, sai na tambaye shi daga ina yake. Sannan in zan yi wa mutane wa'azi a kan ƙwazo, nakan daure in tashi zaune tukuna.