Kwat Ɗina da Ragon Gozaki

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wani biki a Gozaki ba, shekara uku bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina ɗinki a shagon kawuna a Malumfashi, kaina cike da 'yan littattafan kasuwa, inda saurayi kan ɓullo sanye da kwat, budurwa ta kasa haɗiye yawu. Tawa budurwar ita ce Talatu, ƙanwar ango (ita dai ba ta san tawa ba ce).

Sai na ƙudura ɗinka kwat ɗin da ba a taɓa gani ba: saƙi a waje, farin yadin akoko a ciki, auduga shimfiɗe a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi. Don murna ko tuwo ban iya ci ba!

Gwaggo ta tarar da ni ina shimfiɗa audugar gonarmu yadda aka tsinko ta.

"Kai ɗan nan, ba za ka gurje ta ba? Har da anguryar za ka ɗinke?"

"Gwaggo, biki jibi ne. Wa zai leƙa ciki?"

(Allura biyu na karya, amma ban hankalta ba.)

Ranar biki na isa gidan su ango ina taƙama, ina zufa. Na hango Talatu da ƙawayenta gindin rumbu, na jingina da dangar garke, na fara zubo kalaman da na haddace.

"Talatu, tun ranar da idona ya sauka a kanki, wani abu ke jan zuciyata..."

Wallahi kuwa sai na ji ana ja, amma ta baya. Ashe wani ɗinki ya saki, ragon gidan ya shinshino angurya. Kafin in waiga, ɓaaar! Ya yage bayan kwat ɗin. Auduga ta tashi, angurya ta zube, awaki uku suka rugo taya shi.

'Yan matan suka faɗi ƙasa don dariya. Talatu ta share hawaye ta ce, "Malam tela, sannu da ɗawainiya. Kowa ango ya zo wa, kai kaɗai ka tuna da dabbobinmu."

Da rabin kwat na koma Malumfashi. Talatu kuwa wani mai awon auduga a Funtuwa ta aura, mutumin da ko kwat ba shi da shi.

Yau kwat mai auduga sana'ata ce, har daga Kafur ake zuwa. Amma sai Gwaggo ta gurza ta shiɓe nake zura allura, kuma ban ƙara yin zance na juya wa garke baya ba.