Rasuwar 'Yar Ja, Jitar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu ƙaurin dalma bai bar shi ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Ja, jitar lantarkin gidanmu. Ina kuma jin tsoro rashin bai tsaya a kanta ba, akwai wani na tafe.

Marigayiyar ta yi shekara ashirin da shida a duniya. Goma sha tara a hannuna, tun ina saurayi mai gashi, bakwai a hannun ɗana na fari, wanda ya fi ni iya ta nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa cin mutuncin kowa ba. Muryarta siririya ce, garau, irin ta kiɗan da tsofaffi ke rausaya a zaune. Ka taɓa ta a hankali ta ce tilin, tilin. Aibinta ɗaya ne, in ta kusanci fitilar ɗaki sai ta riƙa zzzz, mu kuwa mun saba kamar yadda ake sabawa da minsharin miji.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga abin da makaɗa ke kira fikof, wato ɗan ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sauti. Nata mai koyil ɗaya ne, wato naɗin siririyar waya guda. Ƙungiyar makaɗan da ta kira ɗana gwaji ranar Asabar kuwa kiɗanta mai ruri ne, irin wanda ke kaɗa gilashin taga, ba ya yiwuwa sai da mai koyil biyu. Idan sun ɗauke shi, tafiya za su yi da shi ta wata takwas.

Yaron ya roƙi izni ya kai ta a canza mata fikof. Na hana. Sabon fikof ɗin ya fi ramin tsohon faɗi, sai an sassaƙe jikinta, ni kuma ban haifi mai sa mata kurfi ba. Na ce a raina, shekara ashirin ina naɗin koyil ɗin fanka a shagona, wane koyil ne zai gagare ni? Ai ƙarin naɗi ne kawai, murya ta yi kauri.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan ya fita aiki, na kwantar da ita a teburin shago, na buɗe ta. Wayar cikinta ta fi gashin jariri siranta. A zagaye na uku ta tsinke a yatsana. Na warware sauran, na naɗa mata wayar fanka, na like da dalma, na mayar da murfi, na goge ta tas. Ban gwada ta ba. Ban faɗa wa kowa ba.

An ce ranar Asabar a wurin gwajin, a gaban mutum biyar ɗana ya jona ta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fff, sai shiru. An ce shugaban ƙungiyar ya yi dariya har da riƙe ciki. Allah Ya saka masa daidai da dariyarsa. Mai gangar ƙungiyar ne ya kawo gawar gida a kafaɗa. Ɗana bai biyo ta ba.

Ta rasu ta bar amfilifaya ɗaya mai ƙara mata murya, wanda tun ranar ake kunna shi yana huci shi kaɗai, da igiya mai faci uku, da maɗauri da zufar mutum biyu ta cinye. Ta bar uwar yaron, wadda ke ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Ita ta ce da gangan na yi don kada ya tafi. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ɗauke kwanonta ta koma kicin.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. Za a naɗe ta a tsohon zanen gado, a sa ta cikin akwatinta, a ɗora saman kabad. Ba a buƙatar masu ta'aziyya, musamman waɗanda suka san fikof bayan an mutu. Akwatin zai zauna a buɗe, domin makullin na wuyan ɗana.

Kwana biyar ke nan wayarsa na shiga ba ya ɗauka. Ban san inda yake kwana ba. Ban kuma sani ba ko uwarsa ce ke da gaskiya.

Sanarwa daga mahaifinsa, mai gyaran fanka.