Kurar da Na Kama a Ƙofar Ran

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah ba, ranar da na zauna a falona a Fadaman Mada, waya a hannu, biro a kunne, na nemi rusa mutuncin da na yi wata biyar ina lallaɓawa a gidan surukaina.

Wata biyar ke nan da aurena da Rukayya. Ita ce 'yar fari a gidansu da ke Ƙofar Ran, kuma mahaifiyarta, Hajiya, ita ta tsaya mini lokacin da kawunnai ke ta gunaguni a kan malamin lissafi. An ce cewa ta yi, "Yaron nan yana da natsuwa." Wannan shaidar ita ce abin tinƙahona a gidan. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana bayan labule, mu gaisa a taƙaice in tashi. Ko lambar wayarta ba ni da ita (in na kira, in ce mata me?).

Ranar Rukayya ta tafi gida wuni, ni kaɗai a ɗaki, sai na ga ƙaninta Sadiƙu ya jefa ni wani guruf na hira a waya na 'yan gidansu mai suna Kura Cikin Awaki. Kafin in gama karanta sunan, saƙonsa ya shigo mini ni kaɗai: "Malam, kai akuya ne." Na ɗan jima ina kallon saƙon nan, ina tunanin me na yi wa yaron. Sai da na kira shi ya yi mini bayani yana dariya. Wasa ne. Mu goma sha ɗaya ne, shi ne alƙali. A ɓoye ya naɗa mutum ɗaya kura, ɗaya mai magani, sauran duk awaki. Kowane zagaye kura za ta zaɓi wanda za ta cinye, mai magani ya zaɓi wanda zai kare, sannan a yi muhawara a rubuce, a jefa ƙuri'a a kori wanda ake zargi.

Na ce na gane. Wallahi ban gane ba.

Aka fara. Wannan ya ce wancan ya cika shiru, shi ne kura. Wancan ya yi magana, aka ce ya cika surutu, shi ne kura. Wata ta ce a rabu da mai kare kansa, wani ya ce a'a, wanda bai kare kansa ba shi ne abin tsoro. Na tambaya, to yaya akuyar kirki take yi? Babu wanda ya kula ni. Kaina ya ɗau zafi, sai na yi abin da na iya: na ɗauko littafin darasi na ja layuka, sunaye a gefe, wa ya amsa wa wa, wa ya zaɓi wa.

A nan na gano ta. Akwai wata lamba da ban sani ba, hoton fure ne a jiki, sunan da aka sa Sai Godiya. Na ɗauka ɗaya ce daga cikin ƙannen Rukayya, irin waɗanda muke tsokanar juna. Wannan Sai Godiya tana amsa wa kowa tsaf, amma ni in na yi mata tambaya, shiru. Sau uku ina tambaya. Ko sunana ba ta kamawa, in ta zo kaina sai ta rubuta "mutumin Fadaman Mada". Kuma duk da haka ba ta taɓa jefa mini ƙuri'a ba. Wannan ya ƙara rikita ni, amma na shigar da shi littafi a matsayin wayon kura.

Zagaye biyu a jere Sadiƙu yana sanar da cewa kura ta kai hari, mai magani ya ceci akuyar. Ban ko tsaya tunanin wace akuya ake ta ceto ba. Ni dai na samu kurata.

Na rubuta, "Jama'a, na gama lissafi. Sai Godiya ce." Wani ya turo hoton biri ya rufe ido, na ɗauka yabo ne. Sai ga saƙon Rukayya a gefe: "Don Allah ka bar Sai Godiya. Ka bari kawai." Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce ashe ma haɗin baki ne, na kwafi saƙon matata na manna a guruf, na ƙara da nawa (har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera):

"Ke Sai Godiya, ɓoye-ɓoye ya ƙare. Ni malamin makaranta ne, marar gaskiya ko a rubuce ina gane shi. Wanda ya raine ki bai koya miki in an yi tambaya a ba da amsa ba?"

Sadiƙu ya kira ƙuri'a, ba wanda ya jefa. Can sai Sai Godiya ta rubuta, "Na bi ra'ayin mutumin Fadaman Mada. A fitar da ni." Sannan sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, jiki ba ƙwari. Ni ina nan ina buga cinya, ina cewa ai ilimi ba ƙarya ba ne.

Sadiƙu ya rubuta, "An kori mai magani. Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri."

Na rubuta, "Wace Hajiyar?"

Ya ce, "Malam, Hajiya nawa gare mu?"

Innalillahi! Biron kunnena ya faɗi ban sani ba. Na koma sama ina karanta saƙonnin nan, komai ya fito fili. Matar da ko a gida ba ta kama sunan mijin 'yarta ta fari, ta yaya za ta tsaya cacar baki da shi a gaban 'ya'yanta? Kowa a guruf yana da lambarta, ni kaɗai ne baƙo. Na yi ƙoƙarin goge saƙona, garin sauri na goge shi a wayata kaɗai, ya zauna daram a ta kowa. Ina cikin haka Sadiƙu ya sanar cewa kura ta cinye Malam.

Bayan la'asar na hau keke zuwa Ƙofar Ran, ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri suna warwarewa. Rukayya ta tare ni a zaure, idonta ya yi ja don dariya. Ita ce kurar. Ta ce, "Tun da na ga ka fara tsare Hajiya da tambayoyi na san za ka jawo mana magana. Sau biyu ina kai maka hari don in rufa maka asiri, Hajiya tana ceton ka."

Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, sai dai ranar goshina ya kusa taɓa ƙasa. Na ce, "Hajiya, na yi kuskure, a yafe mini." Labule bai motsa ba. Da Rukayya Hajiya ta yi magana, ba da ni ba.

"Ki ce masa babu komai, wasa ne. Ki kuma faɗa masa wanda ya raine ni ya koya mini amsa tambaya, amma ya ce ban da ta suruki." Na ji 'yan matan gidan sun fashe da dariya a tsakar gida. Sannan Hajiya ta ƙara da cewa, "Maganar natsuwa da na yi a kansa kuwa tana nan. Sai dai a riƙa karɓe wayar."

Aka kawo mini soyayyen naman layya, na ci kaina a ƙasa. Tun daga ranar, in wani ya yi mini shiru ba na ɗauko littafi in ja layi, sai in fara tambayar Rukayya ko wanene. Lambar nan kuwa na adana ta, kuma har yau ban taɓa kira ba.